McLean Mill: Masana'antar katakon da ta faɗi a kasuwa ta tsira a tarihi

A bayan garin Port Alberni da ke tsibirin Vancouver, can yammacin Kanada, akwai wata tsohuwar masana'antar yanka katako da ta daina aiki tun shekarar 1965. Har yau zartunanta da tukunyar tururinta da gidajen ma'aikatanta suna nan. Sunanta McLean Mill.

Ko a zamaninta ba a lissafa ta cikin manya. Iyali guda ne suka riƙe ta kusan shekara 40, har manyan kamfanoni suka fi ƙarfinta. Sai dai yau da yawa daga cikin manyan da suka kore ta daga kasuwa sun rufe, wasu ma an rushe su. Ita kuwa gwamnatin Kanada ta ayyana ta a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1989, aka buɗe ta ga masu ziyara ranar 1 ga Yulin 2000.

Wanda ya zagaya harabarta zai ga yadda ake mayar da gungume katako da ƙarfin tururi. Zai kuma ga yadda kowane sabon inji ya ƙara wa masu sara sauri, alhali bishiya ba ta ƙara saurin girma ba.

Kafin a isa, sai an ratsa kurmi

Mafi yawan baƙi suna zuwa ne ta jirgin ruwan fito daga birnin Vancouver zuwa Nanaimo, daga nan su kama hanyar mota ta kimanin kilomita 80 zuwa Port Alberni. Saura kilomita 16 a shiga gari, titin ya ratsa tsakiyar wani kurmi da ake kira Cathedral Grove. Ya kamata mai ziyara ya tsaya a nan, domin sai ya ga wannan kurmin zai fahimci abin da zai tarar a gaba.

Manyan bishiyoyin wurin, irin waɗanda ake kira Douglas fir, sun kai shekara 800 a duniya. Tsayin mafi girmansu ya kai mita 75, wato kamar bene mai hawa 20 ko fiye, kewayen gindinta kuma mita 9. Sai manya biyar ko shida sun riƙe hannun juna kafin su zagaye ta. Ruwan sama mai yawa da ke zuwa daga tekun Pasifik da kuma sanyi marar tsanani ne suka ba su wannan girma.

A da irin wannan kurmi ne ya lulluɓe kwaruruwan tsibirin da dama. Wannan yankin ya tsira ne saboda wani attajirin katako, H.R. MacMillan, ya ba da kyautar hekta 136 a 1944, aka mayar da wurin gandun shaƙatawa na lardin British Columbia a 1947. Sunan wannan mutumin zai sake fitowa a labarin McLean Mill.

Ƙauye guda a cikin daji

Robert Bartlett McLean da matarsa Cora da 'ya'yansu uku, Arnold da Philip da Walter, su ne suka kafa masana'antar, ta fara aiki a 1926. Daga baya Arnold ya karɓi ragamar, shi ma ya miƙa wa ɗansa Howard.

Harabar da aka adana ta kai kimanin hekta 13, da gine-gine fiye da 30. Akwai rumfar injin kanta, doguwa, wadda aka gina da manyan ginshiƙan katako. Akwai tafkin da ake tara gumagumai, da maƙera, da garejin gyaran motoci, da ɗakin girki, da ɗakunan kwanan leburori, da gidajen masu iyali. Layin dogo ya shigo har ciki, domin ta nan ake fitar da kaya. Tun 1911 jirgin ƙasa ya iso Port Alberni, kuma shi ya buɗe wa ƙananan masana'antu irin wannan ƙofar kasuwa.

Abin da ya sa wurin ya yi daraja shi ne cikarsa. Gidajen tarihi da yawa suna tattaro injuna daga wurare daban-daban su jera su a zaure ɗaya. A nan kuwa wurin aiki da wurin kwana da wurin cin abinci duk suna inda aka gina su. Mai ziyara zai iya bin sawun ma'aikaci daga gadonsa zuwa teburin karin kumallo, daga nan zuwa bakin zarto, duk cikin 'yan mintuna. Nisan daji da rashin ababen hawa ne suka sa dole ma'aikata su zauna kusa da injin, shi ya sa kusan kowace masana'antar katako a wancan zamani ƙaramin ƙauye ce.

Yadda gungume ke zama katako

Aikin yana farawa ne daga tafki. A irin waɗannan masana'antu ana zuba gumagumai cikin ruwa saboda dalilai uku. Ruwa yana hana itacen bushewa ya tsage, yana wanke ƙasa da tsakuwar da za su dakushe zarto, sannan gungumen da mutum goma ba za su iya motsawa a tudu ba, mutum ɗaya yana iya tura shi da doguwar sanda mai ƙugiya idan yana yawo a ruwa. Masu wannan aikin a kan gumaguman suke tafiya, da takalma masu ƙusoshi a tafinsu don kada santsi ya kwashe su.

Daga tafki sai a jawo gungumen da sarƙa zuwa cikin rumfa, a mirgina shi kan wani amalanken ƙarfe da ke tafiya a kan dogo, a daddafe shi da ƙugiyoyi. Amalanken ne ke kai shi gaba ya dawo da shi baya ta gefen babban zarto mai da'ira, kowane zuwa a yanke falle ɗaya. Mai kula da wannan zarto shi ne ƙwararren ma'aikata. Cikin 'yan daƙiƙoƙi zai dubi gungume ya yanke shawarar ta ina za a fara da kaurin da za a ba kowane falle, domin kuskure kaɗan zai mayar da katako mai tsada tarkace. Ƙarar wurin ba ta barin a ji magana, don haka da alamun hannu yake ba da umarni.

Fallen da aka yanka yana wucewa zuwa wani inji mai datse gefe, wani kuma ya daidaita tsawo. Daga nan katakon ya fito kan sarƙa mai tafiya, inda leburori ke jawo shi ɗanye da nauyinsa, su jera kowane iri a wurinsa. Wannan ne aikin da ake fara ba sabon shiga, kuma shi ya fi cin ƙarfi.

Duk wannan motsi daga tururi yake fitowa. Ana dafa ruwa a babbar tukunya, tururin ya tura injin, injin ya juya dogayen sanduna da bel-bel da ke isar da ƙarfi ga zartuna. Makamashin kuwa dusar katako ce da ɓawo da guntayen da suka rage, wato masana'antar da shararta take ciyar da kanta. Akwai kuma mai wasa zarto, wanda in ya yi sake aikin kowa ya tsaya. Babban abin tsoro shi ne gobara, domin wuta da busasshiyar dusa suna maƙwabtaka a rumfar katako. Masana'antu da yawa na wancan zamani a toka suka ƙare.

Daga gatari zuwa tururi

Ɗaya ɓangaren gidan tarihin ya shafi aikin cikin daji. A farkon zamani mutum biyu ne ke kayar da bishiya da gatari da dogon zarton hannu mai mariƙi biyu. Gindin manyan bishiyoyin ya cika faɗi, don haka sai su sassaƙa rami a jikinsa, su soka wani ɗan katako, su hau kai su yi sara daga sama. Har yau a dazuzzukan tsibirin ana ganin tsofaffin kututture da waɗannan ramuka a jikinsu.

Kayar da bishiya wani aiki ne, fitar da ita daga daji kuma wani ne daban. Da farko shanu ne ke jan gumagumai a kan hanyar da aka shimfiɗa da itace, ana shafa mata mai don ta yi santsi. Shanu ba sa nisa kuma ba sa hawan dutse, saboda haka bishiyoyin da ke kusa da ruwa kaɗai ake iya ci.

A 1881 wani mai sana'ar katako a jihar Kalifoniya ta Amurka, John Dolbeer, ya ƙirƙiro injin tururi mai naɗe igiya, wanda masu sara suka raɗa wa suna jakin tururi. Daga baya aka ƙara dabara: a zaɓi doguwar bishiya guda, mutum ya hau ya sare rassanta da kanta, a rataya igiyoyin waya a samanta, injin ya riƙa fizgo gumagumai daga nesa ta sama da kututture da duwatsu. Tun da mai injin ba ya ganin masu ɗaure gungumen, sai a ajiye yaro a tsakani yana jan wayar jiniya don isar da saƙo. In ya yi kuskuren busa ɗaya, rai na iya salwanta. Akwai irin wannan inji a McLean Mill, kuma 'yan sa-kai, cikinsu har da tsofaffin ma'aikatan daji, sun sha tayar da shi suna nuna wa baƙi.

A shekarar da McLean Mill ta fara aiki, 1926, wani injiniya a Jamus, Andreas Stihl, ya ƙera zarto mai sarƙa mai aiki da lantarki, ya biyo da na fetur a 1929. Bayan yaƙin duniya na biyu zartunan inji suka bazu a dazuzzukan British Columbia, manyan motoci da katafila suka maye gurbin jirgin ƙasa da tururi. Bishiyar da mutum biyu ke shafe sa'o'i suna sara sai ta koma aikin mintuna, gangaren dutsen da ya gagari shanu kuma mota ta hau shi.

Waɗanda suka yi gumin

Aikin daji na cikin ayyukan da suka fi kisa a lardin. Igiyar waya kan tsinke ta yi bulala, gungume kan gangaro, busasshen reshe kan faɗo daga sama. Wannan haɗari da ƙarancin albashi ne suka haifar da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, wadda a 1946 ta yi yajin aikin kwana 37 a faɗin lardin, ta samo ƙarin albashi da ragin lokutan aiki.

Ma'aikatan ba Turawa kaɗai ba ne. Masana'antun katakon British Columbia sun dogara da 'yan asalin Sin da Japan da Indiya, waɗanda aka daɗe ana biyansu ƙasa da abin da ake biyan Bature a kan aiki iri ɗaya. McLean Mill ma ta yi ma'aikata 'yan asalin Japan. A 1942, bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, gwamnatin Kanada ta kwashe kimanin mutum 22,000 'yan asalin Japan daga gaɓar teku, mafi yawansu 'yan ƙasar Kanada ne, ta tura su sansanoni da gonaki a cikin ƙasa, ta kuma sayar da gidajensu da jiragen kamun kifinsu. Ba a ba su damar komawa gaɓar ba sai 1949. A 1988 ne Firaminista Brian Mulroney ya nemi afuwa a hukumance, aka biya kowane wanda ya rage da rai dala 21,000 ta Kanada.

Akwai kuma masu ƙasar tun asali. Kwarin Alberni ƙasar al'ummomin Tseshaht da Hupacasath ce, waɗanda suka shafe dubban shekaru suna sassaƙa kwale-kwale da ginshiƙan gidaje daga itacen sida, suna saƙa tufafi da igiya da ɓawonsa.

Gargaɗin farko tun 1864

Tarihin yanka katako a wannan kwari ya girmi iyalin McLean da fiye da shekara 60. A 1860 wani kamfanin Landan, Anderson, ya turo Kyaftin Edward Stamp da Gilbert Malcolm Sproat su kafa masana'anta a ƙarshen mashigin tekun Alberni, wanda ya kutso cikin tsibirin kimanin kilomita 40. Wurin da suka zaɓa mazaunin mutanen Tseshaht ne. Sproat da kansa ya rubuta daga baya cewa an ba su kayan da ba su wuce na fam 20 ba, da suka ƙi tashi kuma aka nuna musu igwa daga cikin jirgi.

Masana'antar ta fara yanka a 1861, tana tura katako ƙasashen waje. Zuwa ƙarshen 1864 ta tsaya, saboda bishiyoyin da shanu za su iya jawowa zuwa bakin ruwa sun ƙare. Kurmi na nan fal a kan duwatsu, amma babu hanyar kaiwa gare shi. Stamp ya riga ya yi gaba, ya kafa wata masana'antar a mashigin Burrard, wadda a kewayenta birnin Vancouver ya tsiro.

A wancan karon rashin inji ne ya ceci dajin. Injunan da ke jere a McLean Mill su ne suka kawar da wannan shingen ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ci Doma

Bayan yaƙin duniya na biyu lardin ya sauya tsarin rabon daji. Bisa shawarar kwamitin Alƙali Gordon Sloan na 1945, aka fara ba kamfanoni lasisin dogon zango a kan manyan yankuna daga 1947, da sharaɗin su kula da sake tsirowar dajin. Masu jari mai kauri ne suka fi cin moriyar tsarin. A 1951 kamfanin H.R. MacMillan, mai kyautar kurmin nan, ya haɗe da Bloedel, Stewart and Welch, suka zama MacMillan Bloedel, wanda ya mamaye Port Alberni da masana'antun katako da filawud da takarda.

Ƙaramar masana'antar iyali mai aiki da tururi ba ta da ƙarfin yin gasa da wannan. A 1965 iyalin McLean suka rufe. Garin kuwa ya ci gaba da bunƙasa, har a shekarun 1970 ana lissafa shi cikin garuruwan Kanada da mutanensu suka fi samun kuɗin shiga.

Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Daga shekarun 1980 aka fara sallamar ma'aikata. Manyan bishiyoyi masu sauƙin kaiwa suka ragu, sababbin injuna suka rage buƙatar hannu, ga kuma rikicin harajin katako da Amurka da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 1999 kamfanin Weyerhaeuser na Amurka ya saye MacMillan Bloedel. Masana'antar Somass da ke bakin ruwa, wadda ta yi aiki tun shekarun 1930, ta tsaya a 2017, hukumar garin ta sayi filin a 2021 don sake fasalinsa. Yau mutanen Port Alberni kimanin 18,000 ne, kuma garin na neman wasu hanyoyin samu, ciki har da yawon buɗe ido.

Rigimar da ba ta zama tarihi ba

Titin da ya kawo baƙo Port Alberni, in ya ci gaba da binsa yamma, zai kai shi yankin Clayoquot Sound. A nan ne a 1993 aka kama fiye da mutum 800 da suka tare hanyar motocin MacMillan Bloedel don hana sare tsohon kurmi. A 2000, shekarar da aka buɗe McLean Mill ga baƙi, hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren da ake kare halittunsu. A 2021 aka maimaita irin wannan a Fairy Creek da ke kudancin tsibirin, inda kamen ya haura 1,000.

Batun ba mai sauƙin yanke hukunci ba ne. Masu fafutuka suna cewa bishiyar shekara 800 ba ta da madadi, domin dajin da aka dasa ana girbe shi ne bayan 'yan gomman shekaru, tun kafin ya yi kama da na da. Ma'aikata suna cewa tsofaffin bishiyoyin ne ke da tsada, su ke riƙe da albashin iyalai da yawa. Su kansu 'yan asalin ƙasar bakinsu bai zo ɗaya ba. A Fairy Creek zaɓaɓɓun shugabannin Pacheedaht sun nemi masu zanga-zanga su bar musu ƙasarsu, wasu dattawan kuma suka mara wa zanga-zangar baya. A watan Yunin 2021 al'ummomin Pacheedaht da Ditidaht da Huu-ay-aht suka buƙaci a dakatar da sara a wasu yankuna na shekara biyu, gwamnatin lardin ta amince. Huu-ay-aht kuma sun sayi hannun jari a lasisin dajin da ke kudu da Port Alberni, wato sun shiga sana'ar a matsayin masu ita.

Ita ma McLean Mill tana da tata muhawarar. Mallakar hukumar garin ce, kuma adana gine-ginen katako a wuri mai yawan ruwan sama yana cin kuɗi. An daɗe ana jayayya a Port Alberni kan tallafin da ake ware mata daga aljihun masu biyan haraji. Shekaru da dama wani jirgin ƙasa mai tururi ƙirar Baldwin na 1929 yana ɗauko baƙi daga tsohuwar tashar garin ta 1912 ya kai su har ƙofar masana'antar, amma an dakatar da wannan tafiya a 'yan shekarun nan. Kaso mai yawa na gyaran tsofaffin motoci da injuna yana wuyan 'yan sa-kai na ƙungiyar Western Vancouver Island Industrial Heritage Society, kuma masu sanin sirrin tururi suna ta tsufa.

Mai shirin ziyara zai fi dacewa ya je a watannin zafi, tsakanin Yuni da Agusta, ya kuma binciki jadawalin wurin tun kafin ya tashi, domin abubuwan da ake nunawa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. In ya samu dama ya haɗa wuraren biyu a rana ɗaya, kurmin Cathedral Grove da safe, McLean Mill da rana. Tafiyar da ke tsakaninsu a mota ba ta kai sa'a guda ba. A na farko zai tsaya gindin bishiyar da ta shekara 800 tana girma, a na biyu kuma gaban irin zarton da ke iya gamawa da 'yar'uwarta kafin a tashi cin abincin rana.